Kafin Mu Saya wa Motar Ƙungiya Sabon Manifol

Kowace shekara, da zarar damina ta ja baya masara ta fara bushewa a kan kara, kwamitocin ƙungiyoyinmu na gama kai su kan zauna a kan maganar mota. A-kori-kurar ƙungiya ita za ta kwaso amfanin gona zuwa rumbu da kasuwa, ita ce kuma motar asibiti in naƙuda ta zo da gardama da tsakar dare. Saboda haka duk abin da direba ya ce ya lalace, hankalin kowa ya kan tashi, a yi gaggawar kiran ma'aji. A cikin tambayoyin da ke zuwa mana daga ƙungiyoyi masu motocin dizal, watau gas, akwai wadda ta ke ta maimaituwa. Manifol na salansa ya tsage, mai sayar da kayan mota kuwa ya ce akwai wani samfuri, fari fat mai ƙyalli, wanda ya fi na kamfani, zai ƙara wa mota ƙarfi, ya kuma rage mata shan mai. A saya ko kada a saya?

Ra'ayinmu shi ne, ga yawancin motocin da ke hannunmu, kada a saya. A nemi irin wanda mota ta zo da shi, sa'an nan a kashe sauran kuɗin wajen neman abin da ya tsaga na farin. Za mu faɗi dalilanmu, domin 'yan kwamiti su iya zama da bakanike su yi magana ta fahimta, ba su riƙa gyaɗa kai kawai ba.

Manifol wani ƙarfe ne mai rassa da ke manne a gefen kan inji, inda kanikawa ke ce wa tof. Kowace silinda tana da ƙofar da ta ke fitar da hayaƙi bayan mai ya ƙone. Manifol ya kan tattara hayaƙin ƙofofin nan duka ya zuba shi a bututu ɗaya, ya wuce zuwa salansa. In injin mai turbo ne, a jikin manifol a ke ɗaura turbo ɗin, hayaƙin nan kuwa shi ke juya shi. Kamfanoni su kan yi shi da baƙin ƙarfe na zubi, wanda a ke kira kas, mai kauri da nauyi. Ba shi da kyaun gani. Bayan shekara ɗaya ya yi ja da tsatsa kamar tsohuwar garma, amma haka ya kan zauna shekara da shekaru yana aikinsa.

Abin da ke cin manifol zafi ne. Injin dizal da ke aiki a tsaye ba kaya, hayaƙinsa ba shi da zafi sosai. Amma in an ɗora kaya ana hawan tudu, hayaƙin ya kan kai digiri 600 zuwa 700 a ma'aunin santigired. Ku tuna ruwa yana tafasa ne a digiri 100, alminiyam da a ke tukunya da shi kuwa yana narkewa a 660. Duk wanda ya zauna a ajin kimiyya ya san ƙarfe ya kan miƙe in ya yi zafi, ya koma in ya huce. Manifol mai tsawon santimita 60, in zafinsa ya ƙaru da digiri 500, zai so ya ƙara tsawo da wajen milimita 3. To, ga shi an ɗaure shi da ƙusoshi a jikin kan inji, shi kuwa kan inji ruwan lagireto yana sanyaya shi, ba ya miƙewa haka. Sai ƙarfen da zafi ya tausasa ya matse a wurinsa, in ya huce ya dawo ya ɗan gajarce. Yau kaɗan, gobe kaɗan. Wata rana sai ƙusar da ke can gefe ta karye, ko gasket ya ƙone, ko ƙarfen kansa ya tsage a tsakiya.

Maganar manifol da ya fi na kamfani ba ƙarya ce tsagwaronta ba, tana da asali, asalin kuwa a Amurka ya ke. Tun 1989 kamfanin Dodge ya fara sa injin Cummins mai lita 5.9 a manyan a-kori-kurarsa da a ke kira Ram. Injin nan silinda shida gare shi a jere, don haka manifol ɗinsa dogo ne, kuma an san shi da wannan ciwo na gajarcewa da tsagewa da karya ƙusoshi. Masu motocin nan suna jan tireloli masu nauyi a doguwar hanya, da yawansu kuma su kan ƙara wa inji mai da gangan don ya ƙara ƙarfi, zafin hayaƙi ya haura. Sai waɗansu ƙananan kamfanoni suka shiga ƙera musu manifol mai gaɓa biyu ko uku, inda bakin wani sashi ke shiga cikin wani, yadda kowane zai miƙe ya koma ba tare da ya ja ɗan'uwansa ba. Suna zuba shi da ƙarfe mai jure zafi da aka gauraya da silikon da molibdenam. Wannan gyara ne na gaskiya ga ciwo na gaskiya. Mutanen nan kuma su kan sa agogon auna zafin hayaƙi a gaban direba, in allura ta yi sama ya sassauta ƙafa.

Mu dubi namu motocin. Abin da ƙungiyoyinmu suka fi riƙewa shi ne Toyota Hilux mai injin 2L, ko 3L, ko 5L, watau lita 2.4 da 2.8 da 3.0, sai Mitsubishi L200 mai injin 4D56, sai kuma waɗanda Allah ya buɗa musu suka sami Hilux mai turbo, irin su 2KD. Duk waɗannan silinda huɗu ne. Manifol ɗinsu gajere ne, miƙewarsa kaɗan ce, bai cika buƙatar gaɓa ba. Injin 3L da 5L kuwa ba su da turbo. Ƙarfinsu ya tsaya ne a kan yawan iskar da fistin ya iya zuƙa da yawan man da famfo ya fesa. In manifol na kamfani bai toshe ba, canza shi da wani ba zai mai da jaki doki ba. In ma an sami ƙari, ɗan kaɗan ne, wanda ba za a gane shi ba a hanyar ƙauye mai ramuka inda mota ba ta wuce giya ta uku. Abin da direba ya kan ji ya ce mota ta ƙara ƙarfi, sau da yawa ƙara ce kawai ta canza. Ko kuwa tsohon manifol ne ya daɗe yana yoyo, aka toshe yoyon, mota ta koma yadda ta ke a da. Na kamfani ma da zai yi wannan.

Mai ƙyallin nan da a ke nuna mana a shago, yawanci ba irin na zubi mai gaɓa ba ne. Bututu ne na farin ƙarfe marar tsatsa, aka lanƙwasa aka haɗa da walda. Akwai nagari a cikinsu masu kauri da tsada, amma wanda kuɗinmu zai iya kaiwa shi ne siririn. Farin ƙarfen nan da aka fi amfani da shi ya fi kas miƙewa da wajen rabi: inda kas ya miƙe milimita 2, shi zai yi 3. Ga siranta, ga walda a kowace mahaɗa, ga girgizar injin dizal, ga hanyarmu. In kuma mota mai turbo ce, nauyin turbo yana rataye a jikinsa yana rawa a kowane rami. A bakin walda ya kan fara buɗewa. Siririn bututu kuma ya fi zubar da zafi a cikin ɗakin inji, ga shi sau da yawa ba shi da ramukan da za a ɗaura farantin kare zafi da kamfani ya sa. Mu kuwa motarmu cikin busasshiyar ciyawa da karan dawa ta ke shiga a watan Nuwamba da Disamba. Wanda ya taɓa ganin gobarar daji a lokacin hunturu ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Akwai wani abu ƙarami da ya kan jawo asara babba. Tun watan Afrilu na 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, sitiyarin motocinmu yana hagu, haka nan Nijar da Kamaru. Amma ƙasashen da suka fi ƙera kayan ƙari na Hilux da Land Cruiser, kamar Ostireliya da Tailan, sitiyarinsu yana dama. Bututun da aka lanƙwasa don ya kauce wa sandar sitiyari a can, ba lalle ne ya zauna daidai a nan ba. Sai a kawo kaya daga nesa, a zo ɗaurawa ya ƙi shiga, bakanike ya ɗauko guduma da wutar walda ya tilasta shi. Daga ranar nan kwanakinsa ƙidayayyu ne.

Ruwa ba ya tsami banza. Manifol na kas mai silinda huɗu da ya tsage, sau da yawa shaida ce ya ke bayarwa a kan yadda mu ke riƙon motar. Abu na fari lodi ne. A-kori-kura irin Hilux an yi ta ne don ɗaukar wajen tan ɗaya, watau buhu goma na masara masu kilo 100, kuma a cikin lissafin nan har da direba da duk wanda ya hau. Mun sha ganin an jera buhu goma sha biyar ko ashirin, mata da kwanduna a bisa, yaran mota a rataye. Muna gane dalili, gama kowa yana so kayansa ya kai kasuwa a ranar, mai kuma ya yi tsada, ana so a rage sawu. Amma injin da aka danne haka, in direba ya bar shi a babbar giya yana nishi a kan tudu ƙafarsa a ƙasa, mai yana shiga da yawa iska kaɗan, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, zafi ya haura. Baƙin hayaƙin nan man da muka saya ne ke fita bai gama ƙonewa ba.

'Yan'uwanmu na ƙasar Jos da Mambila, wannan ya fi shafarku. Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, Mambila ta fi haka. Iskar can ba ta kai ta ƙasa nauyi ba, injin da ba shi da turbo ya kan rasa kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa ko fiye. Motar da ta ja buhu goma lafiya a Lafiya ko Makurɗi za ta sha wuya da su a hawan dutse. Daga nan ne jaraba ta kan shigo, direba ya je wurin mai gyaran famfon mai, wanda a ke kira injekta, ya ce a ɗan buɗe masa. A kan juya wata 'yar ƙusa, mota ta yi kamar ta farfaɗo. Kwamiti ba ya sani. Bayan wata shida manifol ya tsage, in an yi rashin sa'a kan inji ma ya bi shi, wanda kuɗinsa ya ninka na manifol sau da yawa.

Sauran dalilan ƙanana ne, gyaransu ma da araha. Matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe tana hana inji numfashi. Nozul da ya tsufa yana ɗigar da mai maimakon ya fesa shi. Salansa da ta toshe, ko ta lotse a kan dutse, tana riƙe zafi a baya. Robobin da ke rataye bututun salansa in sun tsinke aka ɗaure da waya, ko kujerar inji ta mutu, nauyin bututun duka ya kan koma kan manifol, yana fizgarsa kamar mai cire haƙori. Da damina kuma, direba ya sauko daga tudu inji ya yi zafi ƙwarai, ya faɗa rafi da gudu, ruwan sanyi ya watsu a kan ƙarfe mai zafi. Matanmu sun san abin da ke faruwa da tukunyar ƙasa in an yi mata haka. In ba a duba waɗannan ba, ko na zinariya aka sa zai tsage, tsugune ba ta ƙare ba ke nan.

Kada wani ya ɗauka muna cewa a bar mota da tsagaggen manifol har bayan kaka. A'a. Alamarsa sananniya ce: ƙara tak-tak-tak da safe in an tayar da inji, wadda ta kan ragu in ya yi zafi, baƙin toka a gefen ƙofofin hayaƙi, da warin hayaƙi a cikin gidan direba. Hayaƙin nan yana biyo ramukan waya da na feda ya shigo inda mutane ke zaune. Yana sa ciwon kai da jiri da gyangyaɗi, direba mai gyangyaɗi kuwa da mutum goma a bayansa ba abin wasa ba ne. A watan Yuni na 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke Liyon a Faransa, ta sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo dajin huhu. Direbanmu ɗan'uwa ne a cikin ekklesiya, yana da iyali, shi ke shaƙarsa kowace rana. Mai jego da jaririnta da mu ke sakawa a gaba don kada iska ta buge su, su ma shi su ke shaƙa. A injin turbo kuma yoyon yana rage abin da ke juya turbo, mota ta yi sanyi ta ƙara shan mai. Gyara dai tilas ne, kuma da wuri.

To, me za a saya? In aljihu ya iya, sabo na ainihin kamfani. In bai iya ba, na gwanjo da aka ciro daga wani inji, irin wanda a ke samu a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba, muddin an duba shi da kyau. A tafi da tsohon a hannu, a kuma rubuta lambar inji, gama sunan mota kaɗai bai isa ba, Hilux iri-iri ce. A jera su a ƙasa a gwada ramukan ƙusa ɗaya-ɗaya, da bakin da ke haɗuwa da bututu ko turbo, da 'yar ƙofar da waɗansu injuna ke mai da hayaƙi ta cikinta. A ɗora ƙarfe madaidaici a kan fuskar da ke manne da inji, a ɗaga wajen haske. In haske yana wucewa ta ƙarƙashi sosai, ya lanƙwashe, sai an kai shi an goge fuskar a injin masu gyaran tof. A rataye shi da igiya a ɗan buga da sifana: lafiyayye ya kan yi amo, tsagagge ya kan yi ƙara a dushe kamar fasasshen tulu. Akwai kuma tsohuwar dabarar ma'aikatan jirgin ƙasa da kowa zai iya yi. A wanke ƙarfen, a jiƙa shi da kananzir, a bari ya ɗan jima, a goge shi ya bushe, sa'an nan a shafe shi da garin alli. In akwai tsaga ko da ido bai gan ta ba, kananzir ɗin da ya shige ciki zai fito ya zana layi a kan allin. Allin makarantar Lahadi ya isa.

Walda fa? Tana yiwuwa, amma kas ba ya son gaggawa. Mai walda da ya san aikinsa zai huda ɗan rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, ya gasa ƙarfen duka ya yi zafi, ya yi aiki da sandar nikel kaɗan-kaɗan, sa'an nan ya binne shi a cikin toka ko busasshen yashi ya huce a hankali har gobe. Wanda ya ce zai yi muku a jikin mota cikin minti goma da sandar da ya ke walda ƙofa, kuɗinku kawai zai ci, sabuwar tsaga za ta fito a gefen waldar. Ko waldar kirki ma mu ɗauke ta a matsayin abin da zai kai mu ƙarshen kaka, kafin a sami wani.

Ba mu hana manifol na musamman gaba ɗaya ba. Ƙungiyar da ke da babbar mota mai silinda shida a jere, musamman in mai turbo ce, wadda an gyara lodi da famfo da matata da robobi amma na kamfani ya sake tsagewa, tana da hujjar neman wanda ya fi shi. A nan ma abin nema shi ne na zubi mai kauri, mai gaɓa, wanda aka yi domin wannan injin da sitiyarin hagu, mai wurin ɗaura farantin kare zafi. A tambayi mai sayarwa da wane ƙarfe aka yi shi, wa ya ƙera shi, in bai shiga ba zai karɓi kayansa? In amsarsa duka ita ce daga waje aka kawo shi, a yi masa godiya a wuce gaba.

Kuɗin da za a kashe na gwauruwar da ta kawo mudu biyar ne, da na saurayin da ya yi ƙodago ya biya rajista. Ubangijinmu ya ba da misalin mai son gini da ya kamata ya fara zama ya yi lissafi, mu kuwa da kuɗin jama'a ke hannunmu lissafin ya fi zama mana dole. Bai kamata direba da bakanike su yanke shawara su biyu ba, ko da dukansu amintattu ne, gama direba yana son motarsa ta yi suna a tasha, bakanike kuma wani lokaci yana da la'ada a shagon da ya nuna. Hanyar da mu ke ba da shawara ita ce a buɗe bonet a gaban mutum biyu na kwamiti, a nuna musu tsagar da idonsu, ɗaya daga cikinsu ya bi bakanike kasuwa, a dawo da rasit ga ma'aji. Ba rashin yarda ba ne, kāriya ce ga sunan direban kansa ranar babban taro. Bambancin kuɗin da ke tsakanin mai ƙyalli da na kamfani kuwa, shi za a sa a sayi sabuwar matatar iska, a kai nozul a gwada, a mai da famfon mai yadda kamfani ya saita shi, a canza robobin salansa. Dokar buhu goma kuma a rubuta ta a littafin ƙungiya, ta hau kan kowa, har shugaba da dattawan ekklesiya, domin direba ba zai iya hana babba shi kaɗai ba.

Ranar ɗaurawa a tsaya a kan sabon gasket da sababbin ƙusoshi da noti, kada a yarda a mai da tsofaffin da wuta ta riga ta cinye. Ƙusar da ta karye a cikin kan inji a ciro ta, kada a bar ramin haka a ce sauran za su riƙe. A kankare fuskar inji ta yi tsab. A fara ɗaure noti daga tsakiya ana fita gefe, kaɗan-kaɗan har zagaye biyu ko uku, da sifana mai awo in ana iya samunta, ba da bututu a kan sifana ba. A mai da farantin kare zafi. Bayan an yi tafiya ta kwana biyu ko uku, a bar inji ya huce sarai a sake bin notin. Tsohon manifol kuwa a kawo shi ɗakin ajiyar ƙungiya a rubuta kwanan wata a jikinsa da fenti, domin kwamitin da zai zo bayanmu ya san yaushe aka canza shi, ya kuma sami abin gwadawa in za a sake zuwa kasuwa.